Jikan Yakaka

Unguwar Bolewa,
Potiskum, Jihar Yobe.

Zuwa ga ƙanena Yunusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Ramlat da yara. Yaya aiki, yaya kuma fama da ruwan saman Fatakwal wanda ba ya gajiya? Allah Ya tsare ku, Ya ƙara buɗi, Ya raya mana zuri'a a kan hanya madaidaiciya. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Ubangiji. Maigidana Malam Hussaini ya kwana biyu a gonarsa ta Nangere wajen roron wake, ya dawo baƙi wuluk yana ta cika baki kamar shi kaɗai ya yi noma a jihar nan. Gwiwar Iya ta yi sauƙi sosai, tana zuwa gidana da ƙafarta ba tare da sanda ba, tana kuma cin abinci yadda ya kamata. Sana'ata ta turaren wuta tana tafiya daidai gwargwado, musamman yanzu da bukukuwa suka ƙarato.

Na san za ka yi dariya ganin takarda a wannan zamani na waya. To dalilina shi ne, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Tun kana yaro haka kake, kuma furfurar da ta fara fito maka ba ta canza komai ba. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Na ba Saleh direba, wanda yake ɗaukar shanu zuwa wajenku, haɗe da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da turaren Ramlat. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, don maganar 'yarka Hanifa ce, kuma maganar mahaifiyarmu ce.

Ka tuna yadda Hanifa take lokacin da ka kawo ta gidan Iya don ta yi kwaleji a nan. Yarinya ce da aka haifa a Fatakwal ta girma a can, Hausarta rabi ce, sauran rabin Turancin kasuwar garinku ne, Barbarci kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Ranar wani suna a maƙwabta ta buɗe baki ta gaida mata, 'yan mata suka kwashe da dariya, daga ranar ta kulle bakinta. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce mini a can ana kiranta 'yar aboki, a nan kuma ana kiranta 'yar Fatakwal, ita ba ta san inda za ta ce nan ne garinsu ba. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Mutum ɗaya kawai take sakewa da shi, wato Iya, don su biyun in ka haɗa Hausarsu ba za ta cika kwano ɗaya ba, babu mai yi wa wani dariya.

A nan abin ya samo asali. Hanifa ta fara ɗaukar muryar Iya a waya don ta riƙa maimaita kalmomin Barbarci, sai wata ƙawarta ta kwaleji ta ba ta shawarar ta riƙa yin bidiyo tana sakawa a Tiktok. Ta nemi izinin Iya, ta nemi nawa. Iya ta amince da sharaɗin sai ta ɗaura lafayarta mai ruwan goro, don ta ce ba za a nuna ta ga duniya da zanen wanke-wanke ba. Duk ranar Asabar da hantsi sai a shimfiɗa darduma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Iya ta zauna ta miƙe ƙafa tana koya wa jikarta gaisuwa, da sunayen dangi, da yadda ake turara burabusko ya fito warwar. Hanifa tana faɗa tana kuskure, Iya tana ranƙwashinta da mafici, su duka biyu suna dariya. Na daɗe ban ga Iya tana jiran wata rana kamar yadda take jiran Asabar ba.

Yanzu ga wanda ka gani. A wani bidiyo Hanifa ta ce wa Iya ta gabatar da ita ga masu kallo da Hausa, Iya kuwa ta yi da irin Hausarta da ni da kai muka tashi muna ji, ta ce wannan Hanifa ne, jikana ne, ya zo daga Fatakwal, ya iya girki amma ya fi iya barci. Wani marar aikin yi ya yanke wannan wurin kaɗai, ya ɗora masa sautin dariya, aka yi ta turawa har ya isa wayoyin abokan aikinka. Ban ga laifinka da ranka ya ɓaci ba. Ni ma da na gani sai da na ji kamar in shiga cikin wayar in shaƙo shi. Uwa uwa ce, babu mai son ganin an mayar da tasa abin nishaɗi.

Amma guntu aka nuna maka, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Hanifa ta sha kukanta, ta ƙi cin abinci, muka ɗauka ta bar abin ke nan. Sai ga shi ta wanke fuska, ta jingina waya da turmi, ta yi magana ita kaɗai da wannan Hausar tata da take jin kunya. Ta ce kakarta Babarbariya ce, kuma a Barbarci kalma ɗaya ce, shi, ake kiran mace da namiji da ita, saboda haka ba rashin sani ya sa kakarta ta ce ya zo ba, harshenta ne ta shigo da shi cikin Hausa. Ta ce tsohuwar da ake yi wa dariya tana ciniki da Fulani da Fulatanci, tana gaisawa da maƙwabtanta Ngizimawa da yarensu, sannan ta tambayi mai dariyar harshe nawa yake ji. Yunusa, ina tsaye a bakin madafi ina sauraro, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Yarinyar da ba ta iya gaida mata a gidan suna ba, ita ce take kare kakarta a gaban mutanen da ba ta san iyakarsu ba.

A ranar ta canza sunan shafin ya koma Jikan Yakaka, ta sa sunan Iya na yanka. Ni da kaifin bakina na ce mata ta yi kuskure, jikar ake cewa tunda ita mace ce, ta gyara kafin a sake samun abin dariya. Sai ta ce a'a Goggo, da gangan ta rubuta haka, domin da haka ne Iya take kiranta, kuma a duk sunayen da aka taɓa laƙaba mata daga Fatakwal zuwa nan, wannan ne kaɗai ta zaɓa da kanta. Na koma kan tukunyata.

Daga nan sai yara suka yi ta turo nasu. Wata daga Fika ta sako kakanta yana Hausa da karin Bolanci, wani ɗan Karai-Karai da yake karatu a Zariya ya rubuta cewa ya daɗe ba ya ɗaga wayar mahaifiyarsa a gaban abokai don kada su ji bakinta, amma ya daina. Har wani Bafulatani mai suna Joda ya shigo da wasan da ke tsakaninmu da su, ya ce dama ai Barebari sai an nuna musu mace da namiji. Da aka karanta wa Iya sai ta ce maza a kunna waya, ta ce a gaya masa ya bar bin bayan saniya ya shigo gari ta koya masa zama a kan kujera. Ranar gidan nan an sha dariya har Malam Hussaini ya ƙware da ruwa. Ka ga wannan dariyar daban take da waccan, kai ma ka san bambancinsu.

Ita kuwa Hanifa sai ka gan ta. Tana ɗaura lafaya ta tafi kwaleji, har yanzu gefen yana zame mata amma ba ta fasa ba. Tana shiga gidajen dangi ta durƙusa ta gaishe su da Barbarci ta ce wushe, tsofaffi suna ta sa mata albarka. In an tambaye ta 'yar ina ce, takan ce 'yar Potiskum ce haihuwar Fatakwal, kai tsaye ba tare da sunkuyar da kai ba. Karatunta ma bai ja baya ba. Na san tsoronka game da waɗannan shafuka, kuma tsoro ne mai dalili, don ni ma ina ganin abin da wasu 'ya'yan mutane suke yi a ciki. Shi ya sa babu bidiyon da yake fita sai na kalla, kuma ba rawa, ba tsiraici, ba zagin kowa. In ta karkace ni ce farkon mai karɓe wayar, ka san hannuna.

Da ka kira ka ce ta goge komai ko kuma ta haɗa kayanta ta koma Fatakwal in an yi hutu, ba ta yi maka musu ba. Ta rufe shafin yadda ba mai gani, ta ce ba za ta saɓa maka ba. Ni na hana ta gogewa gaba ɗaya, na ce ta dakata sai na yi magana da kai, don in an goge muryar Iya ba a kasuwa za mu sayo wata ba. In akwai laifi a jinkirin, nawa ne, ka ɗora mini.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wanda ba ka sani ba. Asabar ta zo, Iya ta yi wanka ta ɗaura lafaya ta zauna a ƙarƙashin darbejiya tana jira. Hanifa ta kasa yi mata ƙarya, ta gaya mata cewa Baba ya hana saboda ana yi wa Hausarta dariya. Iya ta tashi ta shiga ɗaki ta cire lafayar ta ninke. Washegari ta zo gidana ina tsakiyar haɗa turare, ta zauna, sannan ta tambaye ni da Barbarci ko kunyar bakinta kake ji a gaban mutanenka. Na rantse mata ba haka ba ne, na ce kishinta kake yi. Ta gyaɗa kai kawai, amma na san ba ta yarda ba.

Ka tambaye ni kwanan baya ko Iya ba ta da lafiya, don ka ji ta rage hira a waya, daga lafiya lau sai Allah Ya yi albarka. Lafiyarta ƙalau. Tsoron yin magana take, kada ta yi kuskure ka ji. Ta sa ni dole in koya mata inda ake cewa ta da inda ake cewa ya. Tana zaune tana nuna abubuwa tana tambaya, akuya fa, tukunya fa, tsintsiya fa. Da na ce mata tukunya mace ce, turmi namiji, sai ta ce wane ne ya duba. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne ta koma 'yar aji ɗaya don kada ta ba ɗanta kunya. Kai da kake son kare ta daga dariyar baƙi, ga inda abin ya sauka.

Ba umarni nake ba ka ba, ko da yake na goya ka kuma ina da ikon yi. Kai ne uban Hanifa, maganarka ce ta ƙarshe. Roƙona shi ne ka ce ta turo maka bidiyoyin cikakku, ka kalla kai da Ramlat a natse. In ka gama har yanzu ranka bai kwanta ba, za a goge, ni da kaina zan tsaya a kai. Amma kada ka ɗauke yarinyar nan daga gidan da ta fara jin nata ne, kuma kada ka bar Iya da wannan zato a zuciya.

Malam Hussaini yana gaishe ka, ya ce wakenka yana nan an ware. Hanifa tana gaida ku duka, ta ce a shafa mata kan ƙannenta. Ka gaida Ramlat da kyau, ka ce mata turaren na gaban goshi ne, kada ta rabar wa maƙwabta. Ka gaida duk 'yan Yobe da kuke tare da su a can.

Na gaya wa Iya ina rubuta maka takarda, na ce me za a faɗa maka. Ta ce in gaishe ka, in gaida yara. Da ta zo kan Ramlat tana son tambayar ko ta warke daga ciwon haƙorin nan, sai ta tsaya a tsakiyar magana tana kallon bakina, tana jira in nuna mata wadda za ta ɗauka, ta warke ko ya warke. Can sai ta ce in bar shi kawai, in ce tana gaisuwa. Matar da ta raine mu da faɗa da tatsuniya ba ta taɓa neman kalma ta rasa ba, yau ta kasa tambayar lafiyar surukarta. Ka kira ta, Yunusa, ko da guntun Barbarcin da ya rage maka ne, ka bar ta ta yi magana yadda ta saba.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Yayarka,
Murjanatu