Hajiya Ta Shanye Aikin Kwamfuta

Yalwawa, Dutse.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Ajin kwamfutar da na buɗe wa yara yana tafiya, sai dai kwamfutar guda ce, wuta kuma sai ta ga dama. Shi ya sa kowa yake rubuto umarnin da zai ba ta tun daga gida. Zainab 'yata, da littafinta ya cika, sai ta rubuta nata na gasar makaranta a tsohon allonta.

Hajiyarmu ta gan shi a jingine, ta ɗauka rubutun ciwon gwiwa ne Malam ya aiko. Ta wanke tas, ta yi bismillah, ta shanye.

Zainab ta fashe da kuka: "Hajiya, kin shanye min aikina!"

Hajiya ta ce, "Rufe min baki, ja'ira. Ban taɓa shan rubutu mai kaifin wannan ba."

Jiya da ƙafarta ta je kasuwa.

Ka sa Zainab a addu'a, sake rubutawa take, gasar jibi ce. Ka gaishe da kowa. Don Allah ka aiko wa Hajiya tabarau da wuri, maƙwabta har sun fara aiko kwanuka a sam musu rubutun.

Ƙanwarka,
Hadiza