Ƙanena Ya Ɗage Motar Gida, Baba Na Shan Wuya

Usta Khalfan, babban makanike, don Allah ka cece ni kafin in fasa gilashin motar nan da taɓarya.

Mota ɗaya gare mu, a-kori-kura, da ita muke kai dabino kasuwar garinmu Rustaƙ, da ita kuma ake kai Baba wankin ƙoda. Ƙanena Mazin ya ce zai kai ta juyen mai, sai ga ta ta dawo kamar raƙumi, an ɗage ta sama, an sa mata wasu ƙattin tayoyi. Wai don su riƙa hawan tudun yashi da abokansa ranar Juma'a! Bai shawarci kowa ba.

Yanzu sai mun ɗora Baba a kan akwatin lemo kafin ya shiga. Hanyarmu burji ce, motar kuma tsalle take yi kamar ɗan akuya. Makon jiya Baba ya yi amai a hanya, ya sauka yana dafe da ƙugu, ya ce shi ya haƙura da asibitin, a bar shi ya mutu a gida. Da na yi magana, Mazin cewa ya yi me mace ta sani game da mota. Ni da na goya shi! Ya kafe wai tsayin ne ya fid da mu ranar da ruwa ya cika kwarinmu. To, da gaskiyarsa a nan, amma kullum ake ambaliya? Na ɓoye makullin, ba ma ko gaisawa. In sa a mayar da ita yadda take?

Mai takaici, daga Rustaƙ

'Yar'uwa, ajiye taɓaryar. Fushinki yana kan hanya, Mazin ya yi wauta da ya taɓa motar marar lafiya ba shawara. Sai dai ga mazauna kwari tsayin yana da amfani, kuma ba lallai sai an sauke ta ba.

A fara da iska. Masu faci kan cika manyan tayoyi su yi tauri kamar dutse. A rage iskar daidai da nauyin motar, ba lambar da ke jikin tayar ba. Sannan a duba shokozoba. Sau da yawa akan ɗage mota a bar mata tsofaffin, sun yi gajarta, shi ne dukan da kuke ji. A sa masu tsawon da ya dace. In an ƙara ganyen ƙarfe a sifirin ɗin ƙafafun baya, a cire ko a sauya da mai laushi, kafin nan ku riƙa ɗaura buhunan yashi a baya. A gyara saitin ƙafafun, a kafa matakala. Baba ya zauna gaba, a tafi a hankali, a kuma gaya wa likitansa batun aman.

Ki ba Mazin makullin, don wankin ƙoda ba ya jiran sulhu. Amma ranar zuwa gareji ki sa wani ya tuƙa, shi ya zauna a baya tun daga ƙofar gida har kwalta. Ƙugunsa zai yi masa bayanin da ya ƙi ji daga bakinki.

Allah ya ba Baba lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Usta Khalfan