Ƙullin Papa a Gurbi na Bakwai

Le Puy, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Régis,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Kanada bai fara taɓa gwiwar nan taka ba. Allah Ya ƙara wa uwargidanka Lorraine sauƙi, Ya raya muku jikoki. Mu nan da sauƙi. An yi wa maigidana Bernard aikin ido, yanzu yana hango ƙura a saman kabad, amma har yau bai gano inda tsumma yake ba. Mama ta shiga tamanin da takwas da ƙafarta, tana hawa matakalar coci ba sanda, sai dai takan tsaya sau biyu ta ce wai kallon gari take yi.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa, har da ɗan ƙunshi, alhali ga waya. Kada ka buɗe ƙunshin sai ka kai ƙarshe. A waya kai ne mai magana, ni nawa "to" da "haka ne", wannan zancen kuwa ina so a bar ni in kai aya. Raina a ɓace yake, Yaya, kuma da laifina a ciki.

Ka ji labarin 'yata Coralie ta baro aikinta na girki a Lyon don ta sake buɗe gidan abincin iyayenmu a tsohon gari. To, ta buɗe, yau sati uku. Ba wani ƙaƙale, bistro ne irin na da: kujeru ashirin, allo a bango da abincin ranar, waken lentil da naman alade, miyar albasa, da kek ɗin tuffa irin na Mama. Ta bar tsohon kantan sayar da abin sha yadda yake, ta kuma bar kabad ɗin nan mai gurbi arba'in, inda masu cin abinci kullum suke ajiye ƙyallen goge bakinsu, kowa da lambarsa, kowa da irin ƙullin da yake yi wa nasa.

Ga abin da ba ka sani ba, don kana gama jana'iza ka koma. Ranar Litinin ɗin da Papa ya rasu, ya ci abincin rana, ya ƙulle ƙyallensa, ya sa a gurbi na bakwai, ya hau sama ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Da Mama ta rufe wurin ta mayar wa kowa nasa, ban da wannan. Shekara goma sha tara, duk Lahadi in ta taso daga coci sai ta shiga ta ƙofar gefe ta tsaya gaban kabad ɗin. Ba ta taɓa shi, kallo kawai take yi ta fito. Ni na sani. Ban taɓa gaya wa Coralie ba, don ka san gidanmu, abin da ya fi ciwo shi ne ba a faɗa.

Ana jibi buɗewa Coralie ta ci karo da shi, ya yi rawaya, ga tabon giyar inabi. Ta ga harufan sunan kakanta da jan zare, sai ta ce bari ta faranta wa kakarta rai. Ta kwance ƙullin, ta jiƙa, ta wanke tas, ta sa sitati ta goge, ta ninke shi huɗu ta mayar, har da ɗan fure a kai. Ta ma ce mini ta shirya wa Mama abin mamaki, ni kuwa ina fama da labule, ban tambaye ta ko mene ne ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni da na sani na yi shiru ban san sunan da zan kira kaina ba.

Ranar Asabar ana kaɗa ƙararrawar sha biyu layinmu ya cika. Mama ta zo cikin shuɗiyar kwat ɗinta, tana riƙe da hannun tsoho Chabanel mahauci. Coralie ta ja ta har gaban kabad tana murmushi. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya wa ya kwance. Yarinyar ta ce ita ce, wai ai ya yi dauɗa ne sosai. Mama ta ce lallai ya wanku, sannu da aiki. Ta ɓalla maɓallin wuyanta ta fita. Chabanel ya ajiye kofinsa bai kurɓa ba ya bi ta, sauran tsofaffin unguwa suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Aka bar mu da wasu baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta yabon miya.

Tun ranar ba ɗan unguwar da ya zauna a wurin. Chabanel yana aiko da nama mai kyau, amma ƙafarsa ba ta tsallake ƙofa. Na same shi a shagonsa na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce mini shi shekara talatin yana cin abinci a gurbi na sha biyu, kuma inda Henriette, wato Mama, ba ta zauna ba shi ma ba zai zauna ba. Wai yaran yanzu in aka sakar musu, har baƙin mutum-mutumin Maryama na babban coci sai sun wanke shi da sabulu ya yi fari. Na ce masa da wuƙaƙensa suna da kaifin harshensa da ba mu sha wahalar tauna namansa ba. Ya yi dariya, amma bai zo ba.

Ka san garinmu da sanyi, masu ziyara ba za su dawo ba sai Afrilu, wuri irin wannan da 'yan unguwa yake rayuwa. Jiya mutum huɗu suka ci abinci. Amma ba kujerun ne suke cin Coralie ba. Sau uku tana hawa wurin Mama da kek, Mama ta karɓa ta yi godiya kamar ga baƙuwa, ba ta miƙa mata kumatu ta sumbata ba. Yarinyar ta rame. Ta ce in Kirsimeti ya wuce a haka za ta ajiye makulli ta koma Lyon, don ba za ta iya zama a layin da kakarta take sauya hanya saboda ita ba. Tsorona shi ne ta tafi, Mama kuma ta tafi inda ba a dawowa, ba su shirya ba.

Ni ma na yi tawa wautar. Na ɗauki ƙyallen na yi ta gwada ƙullin Papa har na ga ya yi kama, na mayar, ranar Lahadi na lallaɓo Mama. Daga bakin ƙofa ta hango, ko matsawa ba ta yi ba. Ta ce mijinta Firmin bahago ne, jelar ƙullinsa hagu take kallo, shekara arba'in da ɗaya tana wanke masa, kada in mayar da ita sakarya. Kunya ta rufe ni. Muna hawa bene sai na ji ta ce, kamar da kanta take magana, wai Régis kaɗai ya gado hannun nan, shi kuwa ya sa teku a tsakani. Rabon da in ji ta ambaci sunanka ba a tambaye ta ba har na manta.

Yanzu buɗe ƙunshin. Na kwance nawa ƙullin, ga shi nan a miƙe. Ban ce ka yaudare ta ba, kallo ɗaya za ta yi ta san hannunka ne. Ƙullin Papa ya tafi ke nan, na yi kukansa na share hawaye. Amma ka tuna abin da yake faɗa wa baƙi, cewa wanda ya ƙulle ƙyallensa ya yi alkawarin dawowa ne, wanda ya bar shi a baje kan tebur ya yi sallama. Shekara goma sha ɗaya rabonka da gida. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake yi ba, roƙo ne. Idan za ka zo kafin Kirsimeti, ka ƙulle shi yadda Papa ya koya maka, ka taho da shi a aljihunka, ka sa shi a gurbin da hannunka Mama tana kallo. Na san in kai ka ja mata kujera za ta zauna. Idan ba za ka iya ba, ka aiko mini da shi a miƙe yadda yake, zan gane, ba sai ka rubuta komai ba.

Ka gaida Lorraine da kyau, da ɗanku Mathieu da matarsa, da 'yan biyu. Bernard yana gaishe ka, ya ce ka zo ya gan ka da sabon idonsa. Coralie ba ta san na rubuto ba. Mama kuwa na gaya mata inda ƙyallen ya tafi. Da safen nan na tarar ta fito da bargon ɗakinka ta shanya a taga.

Taka ƙanwa mai jiran amsa,
Ghislaine