Farantin Inna Na Biyu

Asabar, 2 ga Agusta

’Yata Rumasa'u ta dawo hutu daga Turkiyya. Ta rame, amma bakin nan yana nan.

Ta kawo farantin. Tun da ta fara koyon aikin tangaran nake roƙonta ta yi mini irin na marigayiya Inna sak, ɗan Sin ɗin nan mai shuɗin furen bado. Biyu ne, ɗaya ya fashe ranar da muka tare a Kubwa.

Na buɗe kwalin. Gefen daidai, shuɗin daidai, amma a tsakiya wani jan abu ta zana. Na ce sannu da ƙoƙari, na mayar cikin kwali.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ba mu yi wata hira ba. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Talata, 5 ga Agusta

Tana yanka kuɓewa tana ba ni lacca. Wai mutanen Iznik, wani gari a Turkiyya, su ma farantan Sin suka gani a fadar sarakunansu, suka zauna kwaikwayo. Ba su da irin farar ƙasar Sin, sai suka daka farin dutse. Sannu a hankali furannin lambunsu suka shiga zanen, har da ja.

Na ce, “Ni ba tarihi na aike ki ba.”

“Mama, na yi sak ɗin har sau biyu. Ban ga Inna a ciki ba.”

Ta ajiye wuƙar ta shige ɗaki. Babanta Abdulhakim ya ce in bi ’yata a hankali. Shi dai kullum lauyanta ne.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ruwa ya hana ni fita. Na ɗauko kwalin, don in share ƙura kawai.

Ashe jan abin nan zoɓo ne. Wanda Inna ke shukawa bayan ɗaki a Orozo, Rumasa'u na biye da ita da ƙwarya, yatsunsu jajawur. Ni na manta. Ita ba ta manta ba.

Na sha kuka na ƙoshi.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ƙusar nan ta daɗe a bango ba komai, ba kyan gani. Shi ya sa na rataya farantin kusa da na Inna, ba don wani abu ba.

Da ta shigo ta gani, sai ta ce ya karkace. Na riƙe mata kujera ta hau ta gyara.