Tsanwaka Goma Sha Ɗaya a Gindin Tsamiya

Assalamu alaikum, ƙanena Habibullahi.

"Yaya, kafin waken nan ya yi fure zan sa Sale ya kwashe jarkokin maganin ƙwarin nan daga gona, in sayi mai takardar suna a jiki." Haka ka ce mini ranar Babbar Sallah, kana tsugune gaban Inna. Waken ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Jarkokin na nan inda ka bar su.

Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka can Legas. Allah ya ƙara tsarewa. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, ruwan madatsa bai hau gonakin Rimawa ba bana, mun gode Allah. Sauran labarin ba na daɗi ba ne, ka zauna ka karanta.

Ka tuna tsanwaka, shuɗin tsuntsun nan mai dogon wutsiya da ke zama kan tsamiyar gonar Baba yana sauka kan fara? Kai ne ka taɓa kuka don an harbe guda da danƙo. Ranar Talata na ƙirga goma sha ɗaya a gindin tsamiyar, fukafukai a buɗe, shuɗinsu bai ko dusashe ba. Ɗaya na da sauran rai, tana karkarwa, da fara a bakinta. Kwana ɗaya ke nan da Sale mai yi maka aikin gonar ya yi feshi. Nan take na juya gida, don na san ba tsuntsu kaɗai ke cin farar gonar nan ba. Matan unguwa da asuba suke kama ta, su soya da yaji su kai bakin makaranta.

Ban isa gida ba anka tarye ni da mugun labari. Khairiyya ce, ɗiyarka ta cikinka da ka ba ni riƙo. Na iske ta kwance, miyau na zuba, zufa ta jiƙe rigarta, ƙwayar idonta ta tsuke kamar ƙwayar gero. Malama Theresa ta asibiti ta tambaye ni mi ta ci, na ce fara. Ta ce a kawo sunan maganin. Ina zan samo suna, Habibu? Na juya jarkar nan ciki da bai, ni da ko takardar ƙunshin ƙosai ba ta wuce ni ban karanta ba, babu harafi ɗaya a jikinta. Allah ya taimaka, allurarsu ta kama. Yarinya ta tashi, amma har yau in ta ɗauki moɗa hannunta na rawa, ni kuwa ko tari ta yi sai gabana ya faɗi.

Na bi gida gida na gargaɗi mata. Wasu sun ji. Maƙwabciyata Hassana ta ce ai wuta na kashe dafi, tun kakanni ake cin fara. Na je wurin Sale, ya ce mini shi ɗan aiki ne, mai gona bai hana shi ba, kuma Asabar ta sama zai sake feshi don tsutsa ta shiga waken. Na kira ka sau tara. Ka aiko da saƙo wai kana taro. Wane taro ne wanga da ya fi numfashin ɗiyarka?

To, ga magana. Direban motar albasa zai ba ka takardar nan ran Litinin. Kana da daga nan zuwa Juma'a kafin a hau huɗuba ka kira Sale ka hana shi, ya kawo jarkokin ƙofar ɗakina. In anka sallame ban gan su ba, zan jera tsuntsayen nan a faifai, na shanya su don haka, in aje gaban Maigari da jama'a na fitowa masallaci, in faɗi sunan mai gona da na ubansa, ko da yake ubana ne. Jarkokin in kai wa malamin gona a Goronyo. Waken kuwa in sa a tuge shi tas. Gonar gado ce, ina da rabona ciki.

Ka gaishe da Mas'uda da su Ƙasimu. Inna na gaishe ka, ban gaya mata farar gonarka ce yarinyar ta ci ba tukuna.

Gashin tsanwakar da ke cikin takardar nan Khairiyya ta tsinto maka tun kafin ta kwanta, ta ce Babanta na son shuɗi. Ka wanke hannunka in ka taɓa shi.

Yayarka,
Suwaiba