Tela Ya Zauna a Gurbin Uwarku

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Ƙanwarka ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara mini. Mu nan lafiya. Ina ci idan an ajiye, ina kwanciya idan an ce in kwanta. Tun da muka binne uwarku ban yi kuka ba, ba kuwa jarumta ba ce. Abin ne bai zo ba.

Saƙonka ya iso, cewa ka gyara mini ɗaki in dawo wurinka, tunda coci ko'ina akwai. To, saurara. Ka san injin niƙa ya cinye mini kunne tun kuna yara. Abin da ba ka sani ba, duk shekarun nan a sujada uwarku ce kunnena. Ta taɓa gwiwata, in tashi. Ta ja bakin rigata, in zauna. Ta danna mini ƙafa, in ce amin. Ba mu taɓa shirya wannan da baki ba.

Lahadin da na koma ni kaɗai, aka tashi waƙa na tashi, na rufe ido. Da na buɗe, kowa ya daɗe da zama, Fasto har ya buɗe Littafi, ni kaɗai a tsaye kamar turke. Kunya ma ban ji ba. Na ɗauki hulata na fita, na ce ni da wurin nan sai ranar da aka shigo da ni a akwati.

Da yamma sai ga Tela. Ka tuna shi, wanda muka daina gaisawa tun rigimar rufin coci, da ya ce kwano ya isa na ce bai isa ba. Har gobe ni ke da gaskiya, ni na hau saman nan, na san wanda ya kawo kowane katako. Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya sa baki a kunnena ya daka tsawa, wai kurman banza, an gaya masa na tsaya yi wa jama'a gadi. Na ce makaho ma ya samu bakin magana. Ya ce ranar Lahadi in saka riga mai kauri.

Ranar Lahadi na koma coci, ya zo ya zauna a gurbin uwarku, a bencin nan na kusa da taga. Hannunsa kamar guduma, gwiwata har ta yi tsami. Ran nan ya danna mini ƙafa kafin lokaci, na ce amin ana tsakiyar sanarwa. Ƙanwarka ta ce matan zumunta duk sun amsa amin, don kada tawa ta fita ita kaɗai.

Ba zan yi maka ƙarya ba, addu'a ba ta fita daga bakina yanzu. Ina zama ne kawai, ina ganin bakuna suna motsi. Amma waɗannan mutanen sun san wadda ta zauna a gefena. A cocinku zan zama wani tsoho kurma da aka kawo. Ga shi idon Tela ya kusa tafiya, allura ma ya ajiye, ni ke riƙe hannunsa mu tsallaka babban titi bayan sujada. Ba zan zo ba. Ka ba yaranka ɗakin.

Ka gaishe mini da surukata, da Babba, da Kitse, da Auta mai sunan kakarta. Ƙanwarka tana gaisuwa, tana kuma hararata. Allah ya tsare ku.

Ni ne,
Babanka.