Waken Mexico Mai Daddawa

Juma'a da dare, Withington

Yau aka yi mana walimar bankwana, mu huɗu da council, wato ƙaramar hukumarmu, ta sallama saboda rage ma'aikata. Gidan abincin Mexico suka kai mu. Ogana Graham, da ya taɓa zuwa Mexico sau ɗaya tak, sai zuba yake yi, wai wannan waken na asali ne, ɗan ƙasa kaɗai ke iya dafa shi haka. Ni kuwa ina kaiwa baki na ji daddawa.

Na ce a tambayo min ko naman halal ne. Sai ga mai girkin da kansa, yana goge hannu. Ashe Malam Iliyasu ne, mutumin Kumasi, da yake aiki a laburaren unguwarmu kafin a rufe.

"Hajiya Binta, ci abinki, da kaina na sayo shi a shagon halal na Rusholme. Mexico kam ko a mafarki ban je ba." Ya kalli katin bankwanar da ke gabana, ya rage murya. "Muna neman mai yanka albasa."

A lokacin dariya na yi. Amma lambar wayarsa da ya ba ni na cikin jakata, kuma na kasa yar da ita.